Gogen Baba Cindo da Tabarmar Mutanen Teku

Masifar daga kilishi ta fara.

Muna filin jirgi na uku a tafiyar, a wata ƙasa da ko kwana ba za mu yi ba, sai wani guntun kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gindin jakata ya ƙi tashi. Kafin in ce a kore shi, wata ma'aikaciya mai safar hannu ta buɗe jakar, ta zaro ƙunshin kilishin da na sayo a kasuwar Gudu, ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar mushen ɓera. Na gyara murya na yi mata bayani da Turancina na ofis, na ce wannan tsaraba ce ta girmamawa daga Najeriya. Ta saurare ni har na gama, ta yi murmushi, ta jefa shi a kwandon shara. Goro ya bi shi. Dabino ya bi. Yajin da matata ta daka da hannunta, shi ma ya bi. Ina ji ina gani duk abin da muka ɗauko don gaida waɗanda suka gayyace mu ya ƙare a bola.

Sunana Hamisu. Ina aiki a wani ofishin raya al'adu a Abuja, ina kwana a Masaka, kamar duk ƙaramin ma'aikacin da albashinsa bai kai shi cikin gari ba. An gayyaci ofishinmu bikin al'adu a wani tsibiri can cikin tekun Pasifik, wurin da sai da na matso da taswira kusa da hancina kafin na gan shi. Da farko tawaga guda aka shirya, 'yan rawa da makaɗa da oga da uwargidan oga. Da tafiya ta matso sai tawagar ta riƙa zagwanyewa, wannan ba biza, wancan ba tikiti, har ta rage mu biyu: ni da zan yi tafinta, da Baba Cindo mai goge, dattijon garin Uke da na sha gani a gidajen biki. Oga ya dafa kafaɗata ya ce mu je mu wakilci ƙasa.

Gogen Baba Cindo ya girme ni. Na mahaifinsa ne. Da shi ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'yansa, da shi yake cefane har yau. Wuyan gogen ya yi baƙi ya lotsa daidai inda yatsunsa suke zama. Tun daga Abuja ya ƙi yarda a sa shi cikin kaya, a cinya ya riƙe shi, ma'aikatan jirgi suka yi magana har suka gaji.

To ga ma'aikaciyar nan ta gama da kilishi, sai idonta ya sauka kan gogen. Ta tambaya fatar mece ce. Na ce guza. Ta ce gashin fa? Na ce na wutsiyar doki. Ta miƙo hannu.

Baba ya ƙanƙame shi a ƙirji. "Hamisu, me 'yar nan take so?"

"Dubawa kawai za ta yi, Baba."

"Haka ka ce a kan kilishi."

Aka kira wani babba, shi ma ya kira wani. Daga ƙarshe suka fesa wa gogen wani magani mai warin asibiti, suka ce mu wuce. Ni kuwa sai na hau cika baki. Na ce, "Ka gani ko, Baba? Muddin ina tare da kai, ba abin da zai sami gogen nan." Shi kuwa sai goge maganin yake da bakin rigarsa.

Daga nan wani ɗan mitsitsin jirgi ya ɗauke mu, irin wanda in ka yi atishawa matuƙi zai waiwayo ya ce maka sannu. Ya sauke mu a babban tsibirin ƙasar. Na zaci mun iso. Ashe saura kwalekwale. Direban tasin da na tara ya rantse ya san tashar, ya zaga da mu gari sau biyu, na gane haka ne don mun wuce wata majami'a mai shuɗin rufi har ta fara zama 'yar uwa, sannan ya ajiye mu a inda ake sauke kifi ya ƙara gaba. Da ƙafa muka nemo tashar gaskiya, ina jan akwati, ina tsine masa da Hausa da Turanci.

Ban taɓa sanin ruwa yana da yawa haka ba. Ni da iyakata kallon tafkin Jabi ta tagar mota, sai ga ni a tsakiyar abin da ba gaba ba baya. Na amayar da duk abin da na ci tun daga jirgi na biyu. Baba ko a jikinsa. Abin da ya dame shi daban ne. Lokacin salla ya yi, na duba waya don in ga alƙibla, sai ta nuna mana wajen faɗuwar rana.

"Ni in juya wa gabas baya?" in ji Baba. "Wayar nan ta sha ruwan gishiri."

"Baba, ai mun wuce Makka. Yanzu tana bayanmu."

Ya zuba mini ido. "Mun wuce Makka?"

"Ta sama, cikin jirgi."

"Kuma ba ka tashe ni ba?"

Ya yi sallar yana kallon yamma, amma yana sallamewa ya ce mini shi dai bai gamsu ba, in mun koma gida zai rama duka.

A tsibirin, an raba baƙi gida gida. Mu aka kai mu wurin wata mata mai jiki da fara'a, Mama Losa, malamar firamare ce da ta yi ritaya. Turancinta haɗe yake da harshensu, ya ɗan yi kama da burokan Turancin da ake yi a tashar Masaka, don haka na ɗauka ina gane ta sarai. Rabi nake ganewa, sauran rabin in gyaɗa kai. Da ta fahimci ba ma cin alade, sai ta aika aka sayo sabuwar tukunya fil, ta nuna mana ita da takardar kanti a jiki, ta ce wannan tamu ce mu kaɗai. Kifi da rogo da madarar kwakwa, safe da rana. Baba ya sa mata suna Hajiya Losa, ita kuma tana kiransa Papa.

Washegari da hantsi aka yi taron tarbar baƙi. Fili ne babba a bakin ruwa, a ƙarshensa wata doguwar rumfa mai rufin ganye, ba bango ba ƙofa. Nan sarkin garin yake zaune, wani siririn tsoho da ɗaurin zani da jan fure a bayan kunne.

Baba ya raɗa mini, "Wannan ne sarkin? Ina rawanin?"

"Baba, yi shiru."

A gaban sarkin an shimfiɗa wata tabarma mai faɗi, saƙarta lafiya lau kamar yadi. Tawagogi suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya daga tsibirai daban daban, maza da fenti a ƙirji, mata da siket na ganye, suna waƙa suna buga ƙafa. Kowace tawaga in ta iso gaban sarki sai ta ajiye wani abu a kan tabarmar. Waɗansu suka ajiye ganguna dogaye. Waɗansu itacen tuƙa kwalekwale mai zane. Waɗansu sarewa da ƙahon katantanwar teku. Na duba na ga kusan duk kayan kiɗa da wasa ne, sai na ce a raina, ai na gane. A Abuja in za mu buɗe baje koli haka muke yi: kowa ya jera kayansa a tebur, manyan baƙi su zaga su gani, a tafa, a ɗau hoto, sannan kowa ya kwashe abinsa.

Aka kira Najeriya. Mu biyu rak, ba rawa ba rakiya, hannuna ba komai sai 'yar tuta. Kunya ta kama ni. Duk filin ya zuba mana ido.

"Baba, ajiye gogen a tabarmar."

"In ajiye?"

"Nunawa ake yi. Sarki zai duba, in an tashi mu ɗauka."

"Ka tabbata, Hamisu?"

"Haba Baba! Wannan fa shi ne aikina. Baje koli nawa na shirya?"

Ya durƙusa, ya ajiye gogen a hankali, ya ɗora izgar da ake goga shi da ita a gefensa.

Sarkin ya miƙe, abin da bai yi wa kowa ba, ya tako har bakin tabarmar, ya tsuguna, ya sa yatsa a lotsawar nan ta wuyan gogen. Ya daɗe a haka. Sai ya ɗago ya yi wata doguwar magana da harshensu, jama'a suna amsawa da wani irin gurnani daga ƙirji. Mata suka ɓarke da guɗarsu. Na ce wa Baba, "Ka gani? Mun fi kowa burge su." Ina rufe baki wasu ƙarti huɗu suka zo suka kama kusurwoyin tabarmar, suka ɗage ta da duk abin da ke kanta, suka shige rumfa.

Na zabura zan bi su. Mama Losa ta damƙe rigata ta baya, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ta girgiza mini kai.

Ban gama fahimtar wannan ba sai na ji ihu daga bayan rumfa. Aka janyo wani alade. Innalillahi! Ban taɓa ganin irinsa ba, baƙi ƙirin, ƙato kamar ɗan maraƙi, haƙoransa biyu sun fito sun lanƙwashe sun zagayo. Sarkin da kansa ya karɓi igiyar, ya tako, ya miƙa wa Baba Cindo.

"A'uzubillahi! Hamisu, me ke faruwa?"

"Wallahi Baba ban sani ba."

"Kai ne tafinta!"

Mama Losa ta matso tana ta yi mana alama da ido, karɓa, karɓa. Baba ya naɗe hannunsa da bakin babbar riga, ya kama igiyar da yatsu biyu, ya kau da kai gefe. Fili ya ɗauki tafi. Aladen ya matso ya shinshina takalminsa.

Sai da muka koma gida Mama Losa ta zaunar da ni, ta yi mini bayani dalla dalla, wannan karon ban gyaɗa kai ba sai na gane. Abin da ya taɓa tabarmar nan, in ji ta, ya shiga gidan sarki ke nan, ya zama na gari har abada. Sauran tawagogin sun san haka, shi ya sa kowa yake sassaƙo sabon abu musamman don ranar. Ba wanda ya taɓa ajiye abin da yake ci da shi. Sarki ya ga sawun yatsu a jikin gogen, ya gane rayuwar mutum ce aka ajiye masa, shi ya sa ya rama da aladen da ya fi kowanne daraja a tsibirin, wanda aka yi shekaru ana kiwonsa da hannu.

Na ce, "Kuskure ne, Mama. Mu je mu faɗa masa, mu mayar masa da aladensa."

Ta dafe ƙirji. Ta ce in na mayar da aladen, na ce wa sarki ke nan a gaban duniya kyautarsa ba ta kai ba. In na nemi gogen, na ce garin bai isa ya riƙe shi ba. Ta ce akwai garuruwan da suka daina kamun kifi a ruwa ɗaya saboda abin da bai kai wannan ba. Ta share hawaye, ta ce ita ta ɗauka mun sani.

Yanzu saura in fassara wa Baba. Na yi ta kewaye kewaye, ina cewa akwai ɗan tsaiko, akwai 'yar al'ada. Ya katse ni.

"Sun cinye gogen ke nan?"

Na sunkuyar da kai.

Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗaga hannu ya kwaɗa mini mari, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ce, "To," ya tashi ya shiga ɗaki.

Na hau wani tudu inda ake samun sabis na kira oga. A tsibirin rana tsaka ce, a Abuja kuwa dare ne, daga barci na tashe shi. Na zayyana masa komai.

"Hamisu, goge ne fa, ba fasfo ba," in ji shi. "In kun dawo a sai masa wani a Masaka. Ka yi maneji kawai, kar ka jawo mana rigima da wata ƙasa. Ka ce alade suka ba ku?"

"E, oga."

"Ku ɗau hoto da shi, zai yi kyau a rahoto."

Ya kashe wayar. Na tsaya a kan tudun ina kallon ruwa ta ko'ina, na ji kewar gida ta kama ni. Cunkoson hanyar Keffi da nake zagi kullum, hayaƙin, 'yan acaɓa, mai shayin bakin layinmu da ba ya wanke kofi, duk na ji ina so. A can ko me ya lalace na san wanda zan je in roƙa. A nan ban ma san ta inda ake fara ba da haƙuri ba.

Biki ya kankama. Rawa iri iri, tseren kwalekwale, masu cin wuta, masu saƙa. Ban ga ko ɗaya da idon kirki ba. Baba ya daina cin abinci sai ɗan ruwan kwakwa. Kullum da safe zai tafi rumfar sarki, inda suka rataye gogen a jikin azara, sama da sauran kyaututtuka, ya zauna a ƙarƙashinsa ya yi shiru. Mutanen garin suka ɗauka wata girmamawa ce irin tamu, sai su ma suka riƙa zuwa suna zama tare da shi, ba mai cewa uffan. Aladen kuma yana ɗaure a bayan gidan Mama Losa, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya taya Baba murna.

Wata rana na same shi a rumfar shi kaɗai. Na duba hagu, na duba dama.

"Baba, wurin nan fa ba ƙofa. Ranar tafiya in sa shi a akwatina, in lulluɓe da kaya. Kafin su farga mun yi nisa."

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun faɗa. "Ka sa na yi kyautar da ban yi niyya ba. Yanzu kuma so kake ka mai da ni ɓarawon gogen ubana?"

"Ai naka ne, Baba."

"A da nawa ne."

Ranar da za mu yi wasa, ni ban ma san da me za mu yi ba. Ina shirin in hau dandamali in ba da haƙuri sai ga ƙartin nan huɗu, ɗauke da 'yar ƙaramar tabarma, gogen a kai. Mama Losa ta ce gari ya ba Papa aron gogen gari don ya nuna musu muryarsa. Aro! Na ji kamar in fasa ihu.

Baba ya ɗauka. Ya ɗan murɗa tsirkiyar, ya kara kunne, ya ja izga sau ɗaya. Na sha jin Baba Cindo a gidajen biki, ana hayaniya ana liƙi, amma ban taɓa jin abin da na ji ran nan ba. Bai yi wa kowa kirari ba. Mahaifinsa ya riƙa kira, da garin da aka haife shi, da matarsa ta fari da ta rasu, da duk ƙauyukan da suka taka da ƙafa shi da gogen. Gogen yana kuka, shi yana amsa masa. Ba mai jin Hausa a filin nan sai ni, amma na ga ƙartin maza masu fenti a ƙirji suna share ido da bayan hannu. Ni kaina sai da na zauna a ƙasa.

Da ya gama, ba a tafa ba sai can. Ƙartin suka matso da 'yar tabarmarsu suka tsaya.

Na raɗa masa, "Baba, kar ka sake shi. Yana hannunka. Ko me za a yi a yi."

Ya riƙe shi a ƙirji. Ya daɗe, har mutane suka fara kallon juna. Sannan ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "A gaban jama'a na ba shi. So kake a ce Bahaushe ya zo ƙasar mutane ya yi kyauta ya ƙwace?" Ya sunkuya ya ajiye.

Wasan nan sai ya ƙara dagula lissafina. Da can gogen kyauta ce mai daraja, yanzu da suka ji muryarsa ya zama abin alfaharin tsibirin gaba ɗaya. Har daga wasu garuruwa ake zuwa kallonsa.

Amma ana saura kwana kaɗan mu tafi, Baba ya dawo daga rumfa da sauri, har yana tuntuɓe. Gogen ba ya jikin azara. Na ruga na tambayi Mama Losa. Ta yi wani murmushi, ta ce ita ta je ta yi magana da matar sarki, matar sarki ta yi magana da sarki. Ta ce sarki ya ga yadda Papa ya rame, ya ce baƙon da ya yi musu irin wannan ba zai koma gida hannu wofi ba.

"Baba, sun sauke shi! Naɗe shi suke, za su maido maka a matsayin kyautar sallama. Ta haka ba wanda ya ji kunya."

"Haka ta ce?"

"Kusan haka."

Ran nan Baba ya cinye kifi biyu, ya nemi ƙari. Har maganar aladen muka warware: Mama Losa ta ce ba laifi ba ne mai abu ya bar wa mai masaukinsa kiwo, don haka za ta riƙe shi da sunan Papa. Baba ya kama hannuna ya ce in na kuskura na faɗa a Uke cewa yana da alade a wata ƙasa, shi da ni har Lahira. Allah ya sa ya yafe mini, ga shi na faɗa.

Ranar tafiya duk garin ya rako mu bakin ruwa. Aka rataya mana furanni har ba ma ganin gabanmu sosai. Aka kawo tabarmi, aka kawo doya, aka kawo sarƙar wuri. Baba yana karɓa yana godiya, idonsa yana kan hannun sarki. Can a ƙarshe sarkin ya tako da wani dogon ƙunshi, naɗe cikin wani yadi da suke yi da ɓawon itace, an ɗaure shi da igiyar kwakwa. Tsawon daidai. Kumburin gindin daidai. Baba ya karɓa. Ya kai yatsa zai kwance, Mama Losa ta riƙe hannun, ta ce ba a buɗe kyautar sallama sai ƙasa ta ɓace wa ido. Ta rungume shi tana kuka, shi kuma yana ta cewa, "Allah ya yi miki albarka, Hajiya Losa, Allah ya ba ki Aljanna."

Kwalekwale ya tashi. Suna waƙa a bakin ruwa har muryoyinsu suka dushe. Baba ya ƙura wa tsibirin ido yana jira, ni ma ina jira, ko jiri ban ji ba wannan karon. Da tudun ƙarshe ya nutse, ya ce bismillah, ya kwance igiyar.

Goge ne. Amma ba nasa ba.

Ƙoƙon kwakwa suka samu babba suka rarake shi a madadin ƙwarya. Suka rufe shi da fatar kifi. Wuyan na wani jan itace ne, an zane shi da tsuntsaye da igiyar ruwa, aiki na kwana da kwanaki. Tsirkiyar zaren kamun kifi ce, silili silili aka tara. Sun auna komai, ba su bar komai ba. Har lotsawar nan ta wurin yatsu sun sassaƙa, daidai inda take a na mahaifinsa.

Na dubi Baba.

Ya juya shi gaba, ya juya shi baya. Ya sa yatsunsa a lotsawar, suka zauna daram. Ya ɗauki izgar da suka haɗo da ita ya ja. Wani siririn ƙara ya fito kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Mai kwalekwalen, wani magidanci mai furfura a gemu, ya washe baki yana gyaɗa kai, yana jiran ya ga murnar Papa.

Baba ya yi masa murmushi. Ya ɗaga gogen sama ya jinjina masa. Sannan ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance. Ƙaro ne, ɗan dunƙule, wanda ake shafa wa izga don ta kama tsirkiya. In babu shi, goge ba ya magana. Ya sa haƙori ya raba shi biyu, ya mayar da ƙaramin aljihu, ya ƙulle babban a tsumman, ya danƙa a tafin mai kwalekwalen ya rufe masa yatsu.

"Hamisu, faɗa masa ya kai wa sarki. A shafa wannan kafin a goga, kaɗan ake sawa."

Na fassara.

"Ka ce gogen ubana kar su rataye shi inda hayaƙi yake, fatar ba ta so. In damina ta yi, a sassauta tsirkiyar."

Na fassara wannan ma. Mai kwalekwalen ya daina murmushi, yana kallon Baba, yana kallona.

"Kuma ka ce masa," in ji Baba, "ka ce masa bai saba kwana shi kaɗai ba. Ko ba mai iya kaɗawa, a samu wani ya riƙa sauke shi yana ɗora shi a cinya."

Na buɗe baki zan fassara, Turancin ya ƙi fitowa.